Ganyen da Na Zana a Keken Dogo

Litinin, 2 ga Yuni

An ba mu hutu. Umma ta ce ba zan ƙare shi a kwance da littafin soyayya a fuska ba, ta tura ni shagon Kawu. Gyaran keke yake yi da fenti. Ni aikina wanke buroshi. Na ɓoye littafina a bayan kwalin tayoyi. Saura babi shida.

Laraba, 4 ga Yuni

'Yan hawan Asabar sun zo. Duk Asabar da safe suke zaga gari, maza da mata, kowa da kwalliyar kekensa. Wata ta naɗe kan nata da zaren saƙa. Wani sai da ya daidaita launin safarsa da na sirdi. Akwai wanda suke kira Dogo. Ya ce min, "Sannu da aiki, ƙanwata." Bango na amsa wa.

Da a littafi ne, da iska ta kaɗa gyalena. Nan ko fanka ba ta aiki.

Juma'a, 6 ga Yuni

Kawu ya tsinci littafin. Na so ƙasa ta tsage. Ashe ba labarin yake kallo ba, ganyayen da na zana a gefen shafuka ne. Ya ce Dogo ya bar kekensa, yana son ado kafin hawan ƙarshen wata, ranar da ake ɗaukar hoton kekuna a liƙa a gidan zane. Shi kuma Kawu hannunsa ya fara rawa in ya zo kan siririn layi.

"In ya yi kyau, ƙaramin buroshin nan naki ne. In kin ɓata, ki koma wanki."

Talata, 10 ga Yuni

Jikin keken baƙi, ganye ruwan zinare. Ko abinci sai an tuna min.

Alhamis, 12 ga Yuni

Kawu ya duba, ya gyaɗa kai, ya tafi sayo kaya. Da ya fita sai na ga ƙarfen tayoyin nan fari fat, kamar an manta da su. Na zagaye gefensu da ƙananan ganye, na bi da man sheƙi. In taya na juyawa sai ka ce ganyen gudu yake. Ban gaya wa Kawu ba, na lulluɓe da zani. So nake Dogo ya fara gani.

Asabar, 14 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Dogo ya zo tun kafin Kawu. Ni na yaye zanin da hannuna. Ya durƙusa, ya juya taya, ya ce, "Ke kika yi? Yau sai sun yi hassada." Ya hau, ya bi gangaren gaban shago. Sai na ji ƙara, ƙiii. Ya matse birki, keke bai tsaya ba. Ƙofar mai walda da ke ƙasan gangaren ce ta tare shi.

Gwiwar hannunsa ta goge, jini har kan riga. Wai dariya yake. Da ma zagi ya yi.

Da Kawu ya iso, bai ɗaga murya ba. Ya shafa gefen ƙarfen da yatsa, ya nuna min robar birkin, duk ta kwashi fenti. Nan ne take kamawa. Ni na mayar da wurin santsi.

"Kin taɓa hawan keke?"

Na ce a'a.

"To shi ne."

Ya ɗauke buroshin, ya sa a aljihu.

Litinin, 16 ga Yuni

Tun safe nake kankare fentin gefen tayoyi. Ganye tamanin da huɗu, na ƙirga su suna tafiya.

Laraba, 18 ga Yuni

Kawu ya fito da wani tsohon keke, ya ja layi da alli a ƙasan gangaren. Ya ce ranar da na sauko na tsaya a kan layin, ranar zan ga buroshi. Na ce mutane na kallo. Ya ce, "Su kalla, ai ba haya suke biya ba."

Na faɗi sau huɗu. Mai walda har tafi yake min.

Laraba, 25 ga Yuni

Na tsaya. Taya a kan alli. Ashe ana jin kamun birki tun daga yatsu har cikin ciki. Kawu ya ajiye buroshin a kan sirdi, ya ci gaba da ɗaure sarƙarsa kamar ba shi ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Na bi 'yan hawan Asabar a kan tsohon keken, can baya, ni da mai zaren saƙa. Ta ce in zana mata tsuntsaye. Kafin in ce to, na tsinci kaina ina tambayarta wane irin birki ne da ita.

An ɗauki hoton keken Dogo. Ya ɗago min hannu, da filasta a gwiwa. Ina jin na ɗaga masa. Gaskiya ganye na uku daga sirdi nake kallo, ya ɗan karkace.

Umma ta tambaya ko na gama littafin ta mayar wa mai shi. Saura babi shida. Na ce ta mayar.