Tukunya a Cikin Bargo

Hamburg, Janairu 1991

Yaya Lamisi,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Baba? Ya yara da mutanen Bawku? Ni lafiya lau, sai sanyi.

Mai gidan da nake haya ta ce wakena na cin lantarki awa uku. In na ƙara, in tattara kayana. Yanzu jiƙa shi nake, in sa kanwa, ya tafasa minti goma, in naɗe tukunyar a bargo ya ƙarasa nuna, yadda marigayiya Mma ke tattalin itace ina mata dariya. Bargon ɗaya ne, sai tukunya ta gama nake rufa.

Ki aiko mini kanwa. Kada Baba ya ji. Bar shi ya ci gaba da faɗa a masallaci cewa 'yarsa ta huta da wahalar murhu.

Allah ya sada mu.

Ƙanwarki,
Zuleha