Kada Ka Hau Jirgin, Dogo

Kamenac, Bosniya
Afrilu, 2003

Zuwa ga Mista Lamont Pettway,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ofishin Shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Kamenac. Ina fata kana lafiya, da mahaifiyarka Madam Odessa, da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Ina fata an kwance ɗorin, ka fara takawa.

Ni Rasim Karabeg ba na rubuta wa 'yan wasa da hannuna, ina da masu yi mini. Naka ne daban. Na rubuta da harshenmu domin na san kana karanta shi, ko da yake a hankali, kamar mai cin kifi mai ƙaya.

Mun zauna da kwamiti mun duba tarihinka. Shekara huɗu ka yi a kwalejinku ta Tennessee, ta farko a kan benci kana miƙa wa manya tawul, ta ƙarshe kai ne kyaftin. Babu wanda bai san jifar da ka yi ana daf da tashi ba, wadda ta kai kwalejinku babbar gasa, domin ka nuna mana kaset ɗin har hoton ya koɗe. Manyan ƙungiyoyin Amurka ba su kira sunanka ba ranar zaɓen 'yan wasa, ba ka zauna kuka ba, ka saɓi jaka. Fotugal, Saifurus, sannan mu. Kafin zuwanka mata da 'ya'yan 'yan wasa kaɗai ke zuwa kallo. Bayan zuwanka har liman yana tambayar da wa za mu kara.

An kawo mini labarin ranar da za ka tafi gwaji a Italiya. Zumreta mai gidan burodi, wadda kake haya a benenta, ta zuba kofin ruwa a bayanka, kamar yadda kowace uwa take yi wa matafiyi don tafiya ta gudana lafiya. Sai shashashan ɗan nan nata, Elvedin, ya ce kofi ɗaya ba zai ishi mutum mai tsawonka ba, ya sheƙa bokiti guda a matakala. A tsakiyar Janairu, lokacin da sanyi ke mayar da ruwa ƙanƙara! Kowa ya yi dariya, har kai. Da ba ka manta takalman wasanka ka juyo daga tashar bas a guje ba, da ƙanƙarar ba ta sami wanda za ta kayar ba sai shi, kuma da hakan ya fi.

Kwamiti ya binciki yaron. Ya rame. Ya daina tsokana, har ranar Juma'a masallata suna fitowa su tarar da takalmansu a inda suka bar su, babu wanda ya musanya. Mutane sun fara damuwa.

Ƙungiya ta yanke shawarar ka dawo kakar wasa mai zuwa. Rigarka tana nan, ɗakinka yana nan. Ka aiko amsa ta gidan burodi, domin ana gyaran ofis.

Ka huta lafiya.
Rasim Karabeg, Shugaba

*

Kamenac
Mayu, 2003

Zuwa ga Mista Lamont,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Madam Odessa, da fatan ƙafa tana ƙara ƙwari. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Amsarka ta iso. Ka ce tsohon kocinka Mista Hollis ya ba ka aikin mataimakinsa a kwalejinku, yana jiran amsa kafin ƙarshen wata, kuma za ka ce masa a'a tunda mun kira ka. Ka ce ba ka so a tuna cewa wasanka ya ƙare kana kwance a matakalar gidan burodi. Ka ce har ka fara tambayar tikitin jirgi.

Kada ka hau jirgin. Kada ka ce wa Mista Hollis a'a. Waccan wasiƙar ba daga ofishina ta fito ba, yaron nan ne ya rubuta ta. Ya kawo burodi ofis ya zari takarda mai tambarin ƙungiya, hatimin kuma da dankali ya sassaƙa shi. Idan ka duba da kyau za ka ga kwandon ya karkace.

A bakin tanderu ya buɗe amsarka. Da ya kai wurin da ka ce, "Ku gaya wa jakin nan ya ci abinci, na ji an ce ya rame," sai ya zauna a kan buhun fulawa har burodin safe ya ƙone gaba ɗaya. Uwarsa ta karɓi takardar ta karanta, ta ce, "Ka karya masa ƙafa, yanzu kuma abincin bakinsa za ka cire?" Da gari a hannunta ta ja kunnensa har ofishina, mutum mai gemu, jama'a suna kallo.

Ta roƙe ni in mayar da ƙaryar gaskiya. Na ce mata, "Zumreta, ni ma ina son Dogo, wa ba ya sonsa? Amma mutum ya doshi talatin, ga ƙarfe a idon sawu. Mun riga mun ɗauko wani yaro daga can ƙasarsu, yana tsalle kamar akuya." Ɗan nata ya ce zai share filin wasa kyauta har ya mutu. Na ce ya share garin ma in yana so, babu gurbi.

Za ka tambaya me ya sa ya yi haka. Shi ma ya tambayi kansa. Ranar da aka ɗora ka a mota za ka koma gida, ka rungumi uwarsa, ka gaisa da maƙwabta, da ka zo kansa sai ka duba agogo. Ya rubuta maka da sunansa, shiru. Sai ya ce bari ya ari sunan da ba za ka iya ƙyalewa ba. Amsa kawai yake so, ko ta zagi ce. Bai yi tunanin abin da zai biyo baya ba, kamar dai ranar bokiti. Karatunsa bai wuce na masallaci ba, inda aka ɓoye su lokacin yaƙi, amma ko a can an koya masa cewa ƙarya haramun ce, don haka ba shi da uzuri. Jiya ya je gidan waya ya kira lambar mahaifiyarka, na'urar ajiye saƙo ta amsa, Turancinsa ya ƙare a gaisuwa. Shi ya sa wannan za ta zo ta wasiƙar gaggawa.

Ka karɓi aikin nan, Dogo. Ba don babu wani ba. Kowace Asabar kana filin makaranta da yaran unguwa, kana durƙusawa da wannan tsawon naka kana gyara musu tsayuwar ƙafa, babu wanda ya sa ka. Amra 'yar mai gyaran taya, wadda ba ta iya riƙe ƙwallo ba da ka zo, yanzu babu yaron da ke iya ƙwace ta a hannunta. Can akwai wani yaro a kan benci yana miƙa tawul, yana jiran wanda ya san yadda abin yake.

Na san in ka karɓa ba za ka sake zuwa Kamenac ba. Inna ta ce za ta bar ɗakin zuwa kaka, sannan ta ba wani.

Ka ga na ce Inna. To, shi ke nan.

Duk abin da na ce Shugaba ya faɗa, ya faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Amma na roƙe shi ya rubuta maka da kansa, ya ce wanda ya ƙulla ƙaryar ya je ya warware ta. Na zauna in rubuta da sunana, sai tsoro ya kama ni kada ka ga sunan ka ajiye ba ka buɗe ba, wata ya ƙare. Shi ya sa na sake aron nasa. Wannan ne na ƙarshe, wallahi.

Ka je wurin Mista Hollis yau, kafin ka gama jin haushina. Ba sai ka amsa wannan ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa safa.

Ni ne,
Elvedin, jakin nan.