Katin da Ya Ɓace a Kicin ɗin Baba

Kajaani, 9 ga Fabrairu

Yaya Veikko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Sirkka. Na koma takarda ne saboda duk ranar da na kira ka a waya, kafin minti biyar mun kaure da faɗa. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta.

Abin da maƙwabciya ta gaya maka gaskiya ne, Baba ya ƙona butar gahawa ranar Lahadi. Ya ɗora ruwa, ya tsaya yana kallo har ya ƙafe. Tun da hawan jinin nan ya buge shi, mako biyu bayan jana'izar Mama, haka yake fara abu ya tsaya a tsakiya. Ma'aikaciyar jinya za ta zo ran 20 ga Maris ta ga ko zai iya sa kayansa, ya sha maganinsa, ya ɗora abu a wuta ya sauke. In ya kasa, sai gidan tsofaffi. Na san ka riga ka cike takardun.

Yanzu shirya dariyarka. A makarantarmu an ce mu fara koya wa 'yan shekara biyar yadda ake ba kwamfuta umarni. Ni da injin buga takardu ma yake raina ni. Amma ba kwamfuta a wasan. Yara ke zana katuna su jera a ƙasa, ni kuma in zama mutum-mutumi, in yi abin da katin ya ce, ba ƙari ba ragi. Shekaranjiya da za mu fita filin wasa, suka sa katin takalmi kafin na wandon sanyi. Na bi umarni, na yi ta kokawa da wando har na zauna daɓas. Dariya kamar su shiɗe, sannan suka gyara jerin da kansu. Dokarmu ɗaya ce: mutum-mutumi ba ya laifi. In ya tsaya, katunan ne ba su cika ba.

'Yata Hilla ta kwaso wasan ta kai gidan Baba. Ta ce, "Kaka, zo ka zama mutum-mutumina, dama tafiyarka irin tasu ce." Ya ce, "Ke da haƙoranki biyu suka gudu suka bar ki, ke ce za ki ba ni umarni?" Amma ya bi katunanta, ya sa kayansa tsaf har da hula, ban taɓa shi ba. Rabon da ya yi haka tun lokacin kaka.

Roƙona ɗaya, kada ka aika takardun nan kafin ranar.

Ƙanwarka,
Tuulikki

Tampere, 15 ga Fabrairu

Tuulikki,

Na sami wasiƙarki, muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Shekara ashirin ina rubuta wa kwamfuta umarni, ban taɓa jin an yi maganin ciwon ƙwaƙwalwa da zanen yara ba. Baba ba ɗan ajinki ba ne. Gidan katako ne, kuma maƙwabci mafi kusa yana bayan daji. In wuta ta tashi, kati ba zai kashe ta ba. Ba don na gaji da shi na cike takardun ba, tsoro nake ji, ko da yake kin fi so ki ɗauke ni marar tausayi.

Duk da haka zan ajiye su zuwa ranar. Tunda kin shigo sana'ata, ki yi ta yadda ake yi. Kada ki ce mini "yana tsayawa". A ina yake tsayawa? Wuri ɗaya ne kullum, ko yana canzawa? Ki lura kwana uku, ki rubuto mini komai, har inda yake ajiye ƙafarsa.

Ki gai da Hilla.

Veikko

Kajaani, 24 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga rahotonka, ranka ya daɗe, shugaban kwamfutoci.

Sa kaya ya zauna, magani ma haka. Gahawa ce ta gagara. Hilla ta zana kati shida ta liƙa a jikin bango: ɗauki buta, zuba ruwa, kunna wuta, jira ya tafasa, zuba garin gahawa, kashe wuta. Huɗun farko yana yin su kamar da. Da ruwa ya tafasa sai ya cire murfi, ya matsa taku ɗaya zuwa hagu, ya tsaya riƙe da murfin. Kwana uku, wuri ɗaya, taku ɗaya. Gwangwanin gahawa na nan a damansa, ko kallonsa ba ya yi.

Jiya na yi abin kunya. Na taso daga aiki, na sa wa yara ashirin kayan sanyi na cire musu sau biyu, ga shi ya sake tsayawa. Na daka masa tsawa, na ce ga katin nan a gabanka, me kake jira? Ya ajiye murfin a hankali ya ce, "Ki kai ni can ɗin kawai, 'yata, kin gaji." Hilla ta zo ta tsaya tsakaninmu ta ce, "Mama, ba a yi wa mutum-mutumi tsawa. Kati ne ya ɓace." Dokata ce ta mayar mini, a gaban ubana.

Na ƙirga katunan nan har na gaji, ba wanda ya ɓace. Na yi kuka a mota kafin in tayar. Wataƙila kai ne mai gaskiya, ka aika takardun.

Tuulikki

Tampere, 28 ga Fabrairu

Ƙanwata,

A cikin bas na karanta wasiƙarki, har na wuce inda zan sauka.

Hilla ce mai gaskiya. Ke ba za ki sani ba, don tun muna yara barci kike har a jawo miki bargo. Ni nake tashi da su ƙarfe shida. Baba ke ɗora ruwa. In ya tafasa, sai ya cire murfi ya matsa hagu, Mama ta shigo ta damansa da gwangwani ta auna. Shekara arba'in da takwas ba ta bar shi ya taɓa cokalin nan ba, wai hannunsa nauyi. Ba mantawa ya yi ba, Tuulikki. Bai taɓa yi ba. Wuri yake ba ta.

Ki mayar da gwangwanin hagu, daidai inda yake tsayawa. Katin nan na biyar ya yi masa girma, Hilla ta raba shi uku: ajiye murfi, buɗe gwangwani, ɗebi da cokali. Ki gaya mata injiniya ya duba aikinta, ya ce a ɗauke ta aiki.

Takardun na nan cikin aljihun tebur. Ki yi haƙuri da wasiƙata ta farko.

Yayanki,
Veikko

Kajaani, 21 ga Maris

Yaya Veikko,

Gaisuwa da fatan alheri. Matar ta zo jiya da safe.

Hilla ta raba katin kamar yadda ka ce, amma ta ƙara nata. Ta zana wata mata mai gashi kamar tsintsiya riƙe da cokali, ta ce Kakarta ce, ta liƙa a gaban ukun. Ranar farko Baba ya daɗe yana kallon zanen, ya ce hancin bai yi ba, sannan ya ajiye murfi ya buɗe gwangwani.

Jiya na zauna a kan hannayena don kada in taimaka. Ya matsa hagu, ya tsaya. Na ƙirga har goma sha biyu a zuciyata. Sai ya miƙa hannu. Ya zuba, ya kashe wuta, ya kawo wa baƙuwa har tebur. Ta rubuta cewa zai zauna a gidansa, a sake dubawa a watan Satumba, a kuma sa wa murhun abin da ke kashe shi da kansa. Wannan na yarda da shi, kafin ka faɗa.

Sai dai gahawar, Yaya, ba ta shawuwa. Baiwar Allah ta kurɓa sau ɗaya don kara, idonta ya kawo ruwa. Bayan ta tafi na tambaye shi cokali nawa ya zuba, ya ce bai sani ba. Na ce shekara arba'in da takwas kana tsaye a wurin, ba ka san nawa take sawa ba? Ya ce in tambaye ka. Wai shi bai taɓa kallon cokalin ba, ita yake kallo.

Taka,
Tuulikki

Tampere, 24 ga Maris

Tuulikki,

Cokali bakwai ne, sai ta ƙara ɗaya, ta ce rabon buta ne.

Kada Hilla ta zana wannan. Zan shigo jirgin ƙasa ranar Juma'a. Ki ce wa Baba ya ɗora ruwa ƙarfe shida ranar Asabar, zan tsaya a damansa.

Veikko