Tayoyin Baya na Motar Cavedoni

Modena, 4 ga Agusta, 1934

Delfina tawa,

Gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi ta yawa. Yaya tarin? Ina fata iskar dutse ta fara yi wa ƙirjinki amfani kamar yadda likita ya ce. Ki gaishe da Mama, ki sumbaci 'yarmu Nives a madadina. Ni lafiyata ƙalau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin san wata takwas na yi a kan teburin zane saboda tayoyin bayan motarmu ta tsere. Da can sanda ɗaya ce ta haɗa su, in ɗaya ta taka tudu sai ɗayar ta yi tsalle, motar ta riƙa wutsil-wutsil a kwana. Na raba su, kowacce ta riƙa motsinta ita kaɗai. Direbanmu Tullio ya gwada ta, ya fito yana dariya, ya ce yau ce rana ta farko da motar nan ba ta nemi kashe shi ba.

To, shekaranjiya Maigida Cavedoni ya ajiye jarida a gabana. Hoton sabuwar motar mutanen Torino ne, an ɗauke ta daga baya. Tayoyinta sun ɗan karkata ciki, sak irin namu. Sai ya karɓi mabuɗin durowar zane ya jefa a aljihu.

Mu uku kaɗai muka ga zanen nan: shi, da ni, da Arrigo Malavasi, tunda shi ke feƙe ƙarafan. Na san abin da za ki ce, Arrigo ne ya riƙe Nives ranar baftisma. Amma a watan jiya ya je Torino kwana biyu, wai ƙanwarsa ta haihu. Kin taɓa jin yana da ƙanwa a Torino? Ki tuna da kyau ki gaya mini.

Mijinki,
Ermete

Modena, 22 ga Agusta, 1934

Delfina,

Ina fata kun tashi lafiya, ke da Mama da yarinya. Wasiƙarki ta zo, kuma na ji faɗan da kika yi mini. Kin ce akwai wata Ines, 'yar kawunsa, da ya taso da ita. 'Yar kawu ai ba ƙanwa ba ce. Me ya sa bai faɗa haka ba?

Na yi mako biyu ina lura da shi. Dokar tsere ta ce kada mota ta wuce kilo ɗari bakwai da hamsin, don haka muna ta huda ƙarafa muna rage nauyi, har kujerar Tullio ta koma rariya. Ina cikin wannan aiki sai na ga Arrigo yana kwafe awon sifirin ɗin baya a ɗan littafinsa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Haba Farfesa, shekara goma sha ɗaya ina rubutu a littafin nan, yau ka fara ganinsa?" Ya miƙo mini rabin burodinsa da cuku kamar kullum. Na ce na ƙoshi.

Ran Litinin Maigida ya kira ni ofis, ya ce ko in kawo masa sunan wanda ya fitar da zanen, ko ya ɗauka ni ne. Na gaya masa zancen Torino da na littafin. Ban ce Arrigo ya sayar da zane ba, Allah ne shaidata, abin da na gani kawai na faɗa.

An sallame shi washegari. Ya haɗa sufanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge injin da yake aiki a kai kamar gobe zai dawo. Da zai fita ya tsaya a bakin teburina, ya ce ƙusar da ke riƙe tayar hagu ta yi siriri, in ƙara mata kauri. Na kwana ina juya maganar. Shawara ce, ko so yake motar ta wuce nauyi a hana ta tsere? Na bar ta yadda take.

Kada ki rubuta wa matarsa tukuna.

Naki,
Ermete

Modena, 11 ga Satumba, 1934

Delfina tawa,

Ina gaishe ki, ina kuma murna da jin kin fara hawa tudun coci ba hutu. Mun dawo daga tseren Monza. Kafin wani ya riga ni, Tullio lafiyarsa lau. A zagaye na ashirin ƙusar tayar hagu ta karye, motar ta yi cikin ciyawa, ya fito da ƙafafunsa. Bai yi mini magana ba tun daga nan.

Ranar awo aka ɗora motar Torino a kan sikeli, mutane suka yi cincirindo. Na durƙusa kamar ina ɗaure takalmi, na leƙa ƙarƙashinta. Delfina, ba zanena ba ne. Ni sifirin na shimfiɗa a kwance, su kuwa sandar ƙarfe suka sa wadda ke murɗewa tana dawowa. Ko noti ɗaya bai yi kama da nawa ba, daga waje ne kawai suka zo ɗaya. Kuma nasu ya fi nawa kyau. Wani dattijo cikin injiniyoyinsu ya ce mini shekara biyu ke nan suna fama da ita, tun ban ɗauki fensir ba.

Ina miƙewa na ga Arrigo, sanye da rigar aikinsu. Ya ce, "Farfesa, ka ga abin da kake nema, ko in aro maka fitila?" Abokan aikinsa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya tambayi jikinki, ya koma bakin aikinsa.

Na gaya wa Maigida abin da na gani. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Mabuɗin durowa yana aljihunsa har yau. A gareji kuma, in na shigo sai hira ta mutu, kowa ya rufe akwatin kayan aikinsa.

Ga abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai ke. A jirgin ƙasa muna dawowa, maimakon in shirya kalmomin neman gafara, sai na kama kaina ina lissafin yadda aka yi Arrigo ya samu aiki a Torino cikin mako biyu, ko dama an tanadar masa wurin. Idona ya gani, na san bai ɗauki komai ba. Amma har yanzu zuciyata tana laluben abin da za ta kama shi da shi, don in samu sauƙi.

Ki dawo da zarar likita ya yarda. Ina so in je Torino, kuma na san in ni kaɗai ne ba zan buga ƙofarsa ba.

Mijinki mai kewarki,
Ermete Bonaccini