Tankin Motar Sani

Zuwa ga ƙanena Habu a Kwatano,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Rabi da yara? Mu nan Damagaram lafiya lau, sai gwiwar nan tawa.

Bayan haka, tsohuwar motar nan mai batir da esansi, wato fetur, da ka aiko wa ƙanenmu Sani ta shaƙe a hanyar Tirmini. Man kwalba ne ya tara mata datti a tanki. Ka san shekara arba'in ina sauke tanki, in zuba tsakuwa da kananzir, in girgiza har ya yi fes. Na ce ya kawo ta, sai ya ce, "Yaya, wannan tankin da jakar roba a cikinsa, tsakuwa za ta yaga ta. Sauyawa ake yi."

Wa ya kai wa? Isuhu, wanda a hannuna ya koyi kwance tanki! Ya ɗaura mata wani tankin daga Kano, yanzu majalisa ba zancen kowa sai nasa. Ina zaune Sani ya ce masa "Maigida", ya sa shi gaban mota suka wuce ni.

Ban ce komai ba da ka tsallake ni ka ba Sani mota. Amma ka gaya masa, in ta sake ciwo, ƙofata zai fara tsayawa, ko da ni ne zan ce a kai wa Isuhun.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da mutanen gida duka.

Yayanka,
Abdu