Ƙwayar wake huɗu a bakin zanena

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara. Ni ban yi boko ba, murya na aiko, admin ce ta rubuta, kuma na ce ta ɓoye sunana ta canza na sauran.

Waɗanda ke wurin ran Lahadi su ne Malam Bello shugaban ƙungiya, da ɗana Sanusi, da Istifanus mai tsaron raga, da sauran 'yan wasa, su goma sha tara ne cif, sai matan wasu da 'ya'yansu da sunka zo kallo, sai ni. Ƙungiyar ƙwallo ce ta magidanta a Gwadangaji, masu tumbi da furfura, ba kuɗi ake ci ba, motsa jini ne bayan la'asar. Filin yana ƙofar gidana, raga da ƙwallo a zaurena suke kwana. Shekara shida ina zaune bakin ƙofa ina kallonsu, na san mai gudu, na san mai ƙaryar ciwon ƙafa. Sun san ba ni wasa, ko ashar wani ya yi a fili sai ya zo ya durƙusa.

Shi ya sa in ƙarshen shekara ya zo za a fidda gwarzon ɗan wasa a ba shi kofi, ni ake ba alƙalanci. Wake nake tsincewa da hannuna, in ba kowa ƙwaya ɗaya. A zaure akwai gora biyu, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa a na wanda yake so. In sun gama ni kaɗai ke shiga in ƙirga, in fito in faɗi suna. Ba a faɗin adadi, don kada wanda ya faɗi ya ji kunya. Ni na kafa wannan doka.

Bana mutum biyu anka tsayar, Sanusi da Istifanus. Istifanus makanike ne, mutumin Filato, shekara goma sha biyar yana Badariya, kuma ran Asabar mai zuwa zai kwashe iyalinshi ya koma gida. Tsakani da Allah shi ya riƙe ƙungiyar bana, wasan da sunka je Argungu ba don shi ba da kwando za su kwaso ƙwallaye. Sanusi kuwa tun da anka sallame shi daga wurin aiki shekara biyu ke nan, ɗaki yake wuni, ƙwallon nan kaɗai ke fiddo shi cikin mutane.

Da na zazzage gorunan sai na ga ƙwaya ashirin da uku, alhali sha tara na raba. Na sake ƙirgawa, ashirin da uku. Istifanus sha ɗaya, Sanusi sha biyu. Wakena mai baƙin ido ne, amma a cikin na Sanusi ga huɗu masu jan ido, ƙanana. Na san waken nan, surukanshi na garin Gulma ne sunka aiko da shi bayan kaka, buhun yana ɗakin matarshi. Wani ba zai lura ba, ni da na yi shekara hamsin ina tsintar wake na lura.

Na daɗe a zauren har Malam Bello ya ɗaga murya yana cewa, Inna ko kin dafa waken ne? Aka yi dariya. Na fito da niyyar faɗin gaskiya, wallahi da ita na fito. Sai na ga Sanusi tsaye, 'ya'yanshi riƙe da rigarshi, ya ƙi haɗa ido da ni. Bakina ya ce Sanusi. Aka yi tafi, Istifanus ne ma ya fara rungume shi, ya miƙa mashi kofin da hannunshi.

Bayan magariba na kira shi ɗakina na zube mashi ƙwaya huɗun a faifai. Bai musa ba. Da farko ya ce ai wasa ne, kofin roba ne ba kujerar Makka ba. Na ce in wasa ne mi ya kai ka buhun matarka? Sai ya ce shekara biyu ba wanda ya tafa mashi, ko a gidanshi, yana son yaranshi su ga ubansu ya riƙe wani abu sau ɗaya. Na ce ka sa uwarka ta yi shaidar zur da furfurarta. Ya ce shi bai sa ni ba, ni na ƙirga, ni na faɗa. Maganar nan ta fi komai yi mani zafi, don gaskiya ce. Daga ƙarshe ya ce in na tona, ba zai ƙara taka filin nan ba, kuma ba zai iya zama unguwar ba, Gulma zai koma da iyalinshi. Na san shi, zai aikata.

Washegari da sassafe na ƙulle waken a bakin zane, na hau keke napep zuwa Badariya. Na iske Rifkatu matar Istifanus tana ɗaure kaya, ta shimfiɗa mani tabarma ta kawo shayi. Kafin in buɗe baki Istifanus ya durƙusa ya ce, Inna, ba zan ɓoye maki ba, na so in tafi da kofin nan, har mutum sha ɗaya sun ce mani ni sunka jefa wa. Da wani ne ya ƙirga da na yi zargi, amma tunda ke ce, na san su ne sunka yi mani daɗin baki.

Na shanye shayin, na sa masu albarka, na dawo gida. Ƙullin yana nan ban kwance ba.

To jama'a, motarsu Asabar za ta tashi. In faɗa wa Malam Bello, ɗana ya bar mani gida? Ko in bar bawan Allah ya tafi yana ganin abokanshi maƙaryata ne, alhali ni ce? Ku faɗa mani gaskiya, ba lallashi nake nema ba.