Jan Zare a Ofishin Mama

Leskovats, 4 ga Yuli

Zuwa ga yayata, Seka Yelitsa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, karatun zanen gine-gine kuma bai ƙarar da ke ba. Na san za ki ce ga waya, me ya kai ni ɓata takarda. A bar ni da halina. Kin san magana ba ta fita a bakina sai ta alƙalami.

Ofishin Mama na cikin hatsari. Shekaranjiya Miodrag mai kamfani ya zo, ko zama bai yi ba. Ya tono maganar bara: odar da ta kwana tara ƙarƙashin faifan kofi, da katan sha huɗu na ayvar, miyar gasasshen tattasan da kamfanin ke yi, da aka aika wa wani kanti alhali arba'in suka nema, makon da ma'aikaciyarsu Teta Slavitsa ta tafi hutu. Ya ce in tattasai ya nuna a Satumba aka sake irin wannan, zai rufe ofishin ya mai da aikin birnin Nish. Shekara sha tara Mama na riƙe da wurin nan. Da ta dawo gida ta yi ta goge murhun da ba shi da datti.

Ni da nake taya su kai takardu a hutun nan, na ƙirga. Takardar oda ɗaya sai ta ratsa ƙofa huɗu kafin ta kai sito. Mutum shida, kowa cikin ɗan akurkinsa na katako, ƙofa a rufe.

Ga wani abu kuma, kada ki faɗa wa kowa. Tsakanin akurkin Chika Boshko mai amsa waya da na Teta Slavitsa mai buga oda akwai 'yar taga a jikin katako. Da ta yi magana sai ya karkato da kai wajenta, a hankali, kamar ba ya son harafi ɗaya ya faɗi ƙasa. Shekara goma sha biyu ke nan! Shi matarsa ta rasu, ita ba ta taɓa aure ba. Seka, littattafan soyayyar da na karanta sun fi ɗari, na san wannan karkata kan.

Ki zana mana sabon ofis, don Allah. Ga awon ɗakin a baya, da igiyar shanya na auna. Ba zan zauna ina kallo a rufe wa Mama ƙofa ba.

Ƙanwarki mai kewarki,
Dunya

Belgrad, 11 ga Yuli

Dunya 'yar mafarki,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta iso har da busasshen fure a ciki, abokiyar ɗakina ta ɗauka saurayi na yi.

Ga zane. A cire katakon nan gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya, tebur shida, kowa na ganin kowa, takarda ta bi hannu da hannu. Tagogin gabas da na yamma duk a buɗe, haske da iska su ne rabin aiki, haka malaminmu ke cewa. Mai waya yana da hayaniya, a kai shi ƙarshen ɗaki wajen ƙofa. Mai buga oda ta koma kusa da Mama. In masoyanki sun matsu, su haɗu a wajen kofi.

Ki gaida Mama. Ki kuma riƙa fita kina shan iska, kin fiye zaman ɗaki.

Yelitsa

Leskovats, 3 ga Agusta

Seka,

Ina gaishe ki, amma yau a taƙaice, raina a ɓace yake.

Mama ta yarda, aka cire katako ranar Asabar. Litinin da safe wurin ya yi kyau har na ji ƙwalla. Na buɗe tagogin duka kamar yadda kika ce. Ba a yi minti biyar ba Chika Boshko ya dafe ƙeya ya miƙe.

"Promaya! Wa ya buɗe mana gabas da yamma lokaci guda? Kashe mu za ku yi?"

Goran direba ya ce, "Haba Chika, a wannan zafin? Ko kaza aka ajiye nan sai ta gasu."

"Kai yaro ne. Surukina iskar nan ce ta ratsa shi a mota, har yau bakinsa a karkace yake."

"Ai tun ranar ɗaurin aurensa a karkace yake."

Aka yi dariya, amma kowa ya lallaɓa ya rufe tagar da ke kusa da shi, har Goran ɗin. Seka, yaya aka yi muka manta da promaya, iskar da ke ratsa ɗaki wadda mutanenmu ke tsoro? Mu da Kaka ke bi da gyale daga ɗaki zuwa ɗaki in an bar ƙofa biyu a buɗe!

Yanzu sati biyu ke nan. In an buɗe, faɗa. In an rufe, gumi na ɗiga kan takardu, ƙarfe ɗaya kowa ya fara gyangyaɗi. Teta Slavitsa ta kwana uku a gida wai wuyanta ya sage. Chika Boshko na zaune da mayafin ulu a Agusta, kuma sau huɗu yana rubuta adadin da ba shi ba. Ya ce promaya ce ta shige masa kai. Ni na ce a raina, kewa ce, an raba shi da ita.

Mai kamfani zai zo dubawa ranar ashirin da biyar.

Ban haƙura ba. Na kwance tsohuwar rigar sanyina ja, na samu zare.

Dunya

Belgrad, 8 ga Agusta

Dunya,

Na karanta sau biyu. Laifina ne, na zana wa mutanen littafi, ba mutanen Leskovats ba. Ni kaina da hula nake kwana in an bar taga, kada ki faɗa.

Daga nan ba na ganin ɗakin, ke kike gani. Kabad-kabad ɗin fayil dogaye ne, za su iya zama bango. Sauran ki duba da idonki, ba da idon littattafanki ba. Me za ki yi da zare?

Yayarki da ta sha kunya,
Yelitsa

Leskovats, 20 ga Agusta

Zuwa ga Seka abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Zauna kafin ki karanta.

Zaren, na yanyanka shi na liƙa a gefen kowane tebur da bayan kowace kujera, guda talatin. Kwana huɗu ina buɗe wannan taga in rufe waccan, ina rubuta wanda ya motsa. Goran ya sa mini suna Malamar Iska. Na gano in tagogin gabas kaɗai aka buɗe, aka jera kabad uku gaban ƙofar sito, ɗaki na yin sanyi amma zare ba ya rawa sai a tsakiya, inda ba mai zama.

Ranar Laraba na tarar da Teta Slavitsa ita kaɗai tana dafa kofi. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Teta, na san abin da ke tsakaninku da Chika Boshko." Fuskata kamar an gasa tattasai.

Ta ajiye cokali. "Wa ya faɗa miki?"

"Yadda yake karkato miki da kai."

Ta dube ni, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har kofi ya yi bori ya zube.

"'Yar nan, kunne ne! Na hagu ya mutu tun yana soja, na dama ma saura rabi. Ta 'yar tagar nan nake ɗaukar ɗaya kan wayar in saurara, in ya ajiye in ce masa, arba'in Boshko, ba sha huɗu ba. Kin san yadda biyun suke kama a harshenmu, balle a waya. Saura shekara biyu ya yi ritaya. In Miodrag ya ji, gobe zai sallame shi."

Seka, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe abu ɗaya mai amfani a tsohon ofishin shi muka fara rushewa.

Jiya da safe, lokacin kofi, na miƙe gaban mutum shida. Na nuna musu taswirar zare. Na ce tsarin Yelitsa na nan, takarda hannu da hannu, tebur dai za a juya. Na ce lungun arewa ne ya fi kowane tsira daga promaya, don haka masu ciwon wuya biyu can za su zauna, Teta a hannun daman Chika, wayoyi biyu a gabansu. Ban ambaci kunne ba.

Chika Boshko ya ce, "Wa ya tabbatar mini babu iska a can?"

Na miƙa masa zare na ce ya riƙe da kansa. Ya je lungun ya ɗaga shi sama kamar mai kamun kifi. Zare ya tsaya cak. Ya warware mayafinsa ya rataye a kujera.

Mama ta dube ni ta ce, "Goran, me kake jira? Kama kabad." Ina jin ta daɗe da sanin maganar kunnen.

Saura kwana biyar. Ki yi mana addu'a.

Taki har kullum,
Dunya

Leskovats, 29 ga Satumba

Seka,

Gaisuwa. Garin duk ƙamshin gasasshen tattasai.

Miodrag ya zo ranar da ya ce, ya tsaya tsakiyar ɗaki, daidai inda zare ke rawa, ya dafe ƙeya ya ce a ba shi kujera a lungu. Ya ce zai gani a Satumba. To ya gani. Sati huɗu, ko katan ɗaya bai ɓata hanya ba. Jiya ya aiko a sake wa ƙofa fenti, da sunan Mama a jiki.

Na je bayan an tashi daga makaranta in cire zarena, Chika Boshko ya hana. Ina durƙushe bayan kabad sai Teta Slavitsa ta taso da kofi, ta zagaya ta hagunsa, ta hagu fa, Seka, ta sunkuya ta ce, "Tsohon banza, sati huɗu da aka raba mu ban iya barci ba."

Bai ji ba. Ya ce, "Nawa kika ce?"

Ta ce, "Arba'in."

Ki ci gaba da yi wa littattafaina dariya.

Ƙanwarki,
Dunya